Yadda Ake Naɗar Sautin Gari, a Tace Shi, a Yaɗa Shi da Wayar Hannu: Darasi Daga Wudil

Kusan duk matashin da ke riƙe da wayar Android ko iPhone ya iya ɗaukar hoto da bidiyo. Amma da za a ce ya ajiye kyamara, ya kawo minti 3 na sautin garinsu zalla, babu hoto babu mai bayani, yadda duk wanda ya saurara zai gane inda aka naɗa, da yawa aikin zai gagare su. Irin wannan aiki ne ake bai wa ɗalibai a darussan farko na koyon aikin kafafen yaɗa labarai, domin yana horar da kunne kafin hannu ya saba da na'ura. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan darasi ji ne a gaba.

Abin ya wuce wasa da waya. Sautin gari yana sauyawa ba tare da an lura ba. A unguwanni da dama injin niƙa ya rage dakan turmi, ƙarar babur da ta A Daidaita Sahu ta danne sautukan da a da ake ji daga nesa. Tsohon hoton gari akan same shi a hannun wani, amma da wuya a sami wanda ya adana yadda garin yake a kunne shekara 30 da suka wuce. Abin da ba a naɗa yau ba, gobe babu inda za a nemo shi.

Darasin ya ɗauki Wudil a matsayin misali. Garin yana kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, yana da kogi da gada, da kasuwar shanu mai ci ranar Juma'a, ga kuma ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma san ta da sunan KUST kafin a sauya mata suna a 2022. Matakan da za su biyo baya za su yi aiki a kowane gari.

Mece ce fasahar sauti?

Fasahar sauti ita ce a naɗo sautukan rayuwar yau da kullum, a zaɓa, a jera su da gangan har su zama abin saurare mai ma'ana. Ta bambanta da waƙa, domin ba lallai a sami kiɗa ko baiti a cikinta ba. Ta kuma bambanta da rahoton rediyo, domin babu mai gabatarwa da zai gaya wa mai saurare abin da yake ji.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki ɗan Afirka ne. A 1944, wani matashi ɗan Masar mai suna Halim El-Dabh ya ari na'urar naɗar sauti daga wani gidan rediyo a Alƙahira, ya naɗo wani taron gargajiya da ake kira zar, mai kama da bori, sannan ya koma ɗakin naɗa ya sarrafa muryoyin da amsa-kuwa har suka zama wani abu daban. Bayan shekara 4, a 1948, injiniyan gidan rediyon Faransa Pierre Schaeffer ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa a birnin Paris, ya yanka ya jera su ya watsa a rediyo. Kayan da waɗannan mutane suka yi aiki da su sun cika ɗaki, kuma wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi su tsabtar sauti nesa ba kusa ba.

Mataki na 1: A saurara kafin a danna komai

Wani masani ɗan Kanada, R. Murray Schafer, a littafin da ya fitar a 1977, ya kasa sautin kowane wuri kashi 3. Wannan rabo yana taimaka wa mai naɗa ya san abin da yake nema.

Na farko shi ne sautin shimfiɗa, wato wanda ba ya ɗaukewa har kunne ya daina lura da shi. A Wudil, gurnanin manyan motoci da ke ratsa gari a kan hanyar Maiduguri misali ne, haka ma motsin ruwa a bakin kogi.

Na biyu shi ne sautin jan hankali, wanda ake yi domin a ji: kiran salla, hon ɗin mota, kiran kwandasta a tasha, muryar mai talla.

Na uku shi ne sautin shaida, wanda da an ji an san wurin. Kukan shanu haɗe da hayaniyar dillalai da dukan ƙofar tirela ranar Juma'a ya fi komai nuna Wudil. Haka ma sautin kwale-kwale a ruwa yayin da motoci ke wucewa a kan gada daga sama.

Kafin ranar naɗa, ɗalibi ya je wurin ya zauna minti 10 ba tare da ya taɓa waya ba, ya rubuta duk abin da ya ji a ƙarƙashin waɗannan kashi 3. Wannan takarda ita ce jagorarsa.

Mataki na 2: Shirya waya

Kuskuren da aka fi yi shi ne naɗa da saƙon murya na WhatsApp. An gina shi ne domin magana, yana matse sauti ƙwarai don a rage cin data, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Manhajar naɗar murya da ke zuwa da waya ta fi shi, sai dai a wayoyi da yawa tana da tsarin rage hayaniyar baya, wanda ke ɗaukar iska da ruwa da kukan tsuntsu a matsayin datti. Ga mai fasahar sauti kuwa, wannan hayaniyar ita ce kayan aikin. Don haka a shiga saitin manhajar a kashe rage hayaniya idan akwai, ko a sauke wata daga Play Store wadda ke ba da zaɓi, kamar WaveEditor ko Lexis Audio Editor.

A saitin, a zaɓi nau'in fayil na WAV, a sa 44,100 Hz ko 48,000 Hz, da bit 16. Lambar farko tana nufin sau nawa wayar ke auna sauti a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz, kuma ƙa'ida ita ce a auna fiye da ninki biyu na sauti mafi tsini da ake son kamawa, shi ya sa aka tsaya a waɗannan lambobi.

WAV yana cin wuri. A 48,000 Hz, minti 1 na layi ɗaya, wato mono, yana cin kusan megabayit 6, na layi biyu, wato sitiriyo, kusan 12. Rabin awa na mono zai haura megabayit 170. A duba ma'adanar waya tun a gida.

Sai abubuwa 3 na ƙarshe: a cika caji, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗi, a kuma gano inda makirfo yake. A yawancin wayoyi, ƙaramin rami ne a ƙasa kusa da wurin caji. Wannan ɓangaren ne za a nuna wa abin da ake naɗa, kuma kada yatsa ya toshe shi.

Mataki na 3: A fili

Matsowa kusa ya fi sayen kaya. A sarari, duk lokacin da aka ninka tazara tsakanin makirfo da abin da ke ƙara, ƙarfin sautin yana raguwa da kusan desibel 6. Wanda ya tsaya a kan gada yana son naɗar masu kwale-kwale a ƙasa, motoci kawai zai kwaso. Sai ya sauka bakin ruwa, ya juya wa titi baya, ya kusanto da wayar ga ruwan. A kula da santsi, kuma a riƙe wayar da kyau.

Iska ita ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu da kuma bakin kogi. Tana bugun makirfo ta bar wani gurnani da ke lalata naɗi gaba ɗaya. Safa mai tsabta ko guntun soson katifa da aka rufa wa ƙasan wayar yana rage matsalar. Mai naɗa ya kuma sa jikinsa ko bango tsakanin iskar da wayar. Wanda ke da hali zai iya neman ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, amma aikin farko ba ya buƙatarsa.

Sai ƙarfin sauti. Manhajoji masu kyau suna nuna ma'auni mai hawa da sauka, wanda ƙarshensa 0 ne. Idan sauti ya taɓa 0, ya fashe, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. A bar mafi ƙarfinsa yana kai wa tsakanin -12 da -6. A kasuwar shanu, inda sa zai iya yin kuka a kusa ba zato, gara a ja baya taku biyu. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya.

Kowane naɗi ya kai aƙalla minti 2, ko da daƙiƙa 20 ake buƙata. Mai naɗa ya tsaya cak, kada ya yi magana, kada ya sauya riƙo, domin shafar yatsa a jikin waya tana fitowa kamar tsawa. Idan da wurin jingine wayar a kan mayafi ko jaka, ya fi. A farkon kowane naɗi ya faɗi wuri da rana da lokaci da bakinsa, alal misali bakin kogi, Juma'a, ƙarfe 6 na safe. Za a yanke wannan daga baya, amma shi zai hana fayiloli rikicewa.

A kowane wuri a naɗo iri biyu: na nesa, wanda ya kwaso wurin gaba ɗaya, da na kusa, wanda ya kama abu guda, kamar igiyar da ake ja, ko takun kofato, ko cokalin mai shayi a kofi. Lokacin tacewa, na nesa zai zama shimfiɗa, na kusa su hau kansa.

Da an gama naɗi na farko, a sa iyafis a saurara nan take. Rigakafi ya fi magani: gyara a fili minti 2 ne, amma wanda ya gano matsala a gida sai ya jira wata Juma'ar.

Mataki na 4: Izini

Muryar mutum tasa ce. Hayaniyar taro da ba a rarrabe maganar kowa ba matsala ba ce, amma da zarar ana iya jin abin da wani ke faɗa, sai da saninsa. Ciniki a kasuwar shanu magana ce ta kuɗi masu yawa da sirri tsakanin mai dabba da dillali da mai saye. Sakin irin wannan a intanet zai iya ɓata ciniki, zai iya ma jefa mutum cikin haɗari idan aka ji nawa ya karɓa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara gaida shugabannin wurin, a bayyana cewa aikin koyo ne, a faɗi inda za a ɗora shi. Wanda ya amince, a naɗi amincewarsa da muryarsa a ajiye. Wanda ya ƙi, a goge a gabansa. Yara sai da izinin iyayensu. A nisanci shingen jami'an tsaro da harabar Kwalejin 'Yan Sanda da ke Wudil, domin tsayawa da waya a irin waɗannan wurare yana jawo tambayoyi. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma tun kafin doka, mutunci ya isa dalili.

Mataki na 5: Tacewa

Mai kwamfuta ya sauke Audacity. Kyauta ce, an fara fitar da ita a 2000 daga aikin wasu masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Mai waya kaɗai zai iya amfani da WaveEditor ko Lexis Audio Editor wajen yanka, da BandLab wajen ɗora sauti a kan sauti. Masu iPhone suna da GarageBand.

Kafin komai, a kwafi fayilolin asali a ajiye a wani wuri, a yi aiki da kwafin. Sannan a bi wannan tsari:

1. Zaɓe. A saurari komai, a rubuta minti da daƙiƙar wuraren da suka yi kyau. Daga rabin awa, abin da zai tsira bai fi minti 5 ba. Duk guntun da ba ya ƙara wa mai saurare sanin wurin, a cire shi ko da an sha wahala kafin a same shi.

2. Tsari. Aikin yana buƙatar hanyar da zai bi. Mafi sauƙi ita ce bin lokaci: asuba a bakin kogi, isowar motocin shanu, tsakiyar cin kasuwa, sannan yamma. Wata hanyar ita ce bin ƙafa, daga gada zuwa tasha zuwa kara.

3. Layuka. A sa sautin nesa a layi na farko, a rage ƙarfinsa. Na kusa su zo a layi na biyu da na uku. Layi 3 sun isa mai koyo, fiye da haka sai komai ya cakuɗe.

4. Haɗi. Yanka kai tsaye yakan bar wani ɗan ƙas a kunne. A yi amfani da Fade In da Fade Out a bakin kowane guntu. Wajen sauya wuri, a bar ƙarshen na farko ya shiga cikin farkon na biyu na daƙiƙa 2 zuwa 4, yadda kogi zai riƙa dusashewa kasuwa tana tasowa.

5. Share gurnani. Idan iska ko janareta sun bar gurnani a ƙasa, a nemi High-Pass Filter a sa shi tsakanin 80 da 100 Hz. Zai zubar da abin da ke ƙasa da haka. A yi hattara da shi a kan kukan shanu da ƙarar tirela, domin nauyinsu a ƙasan yake.

6. Rage hayaniya. Noise Reduction na Audacity yana buƙatar a fara nuna masa guntun da hayaniyar kaɗai ke ciki. A yi amfani da shi kaɗan. Idan ya yi yawa, sauti yakan koma kamar daga cikin randa ake magana.

7. Daidaitawa. A ƙarshe a danna Normalize a sa -1, domin aikin ya yi ƙarfi ba tare da ya fashe ba.

Shiru ma kayan aiki ne. Daƙiƙa 2 na sassauci bayan hayaniyar kasuwa suna sa kunne ya huta, ya ji abin da ke tafe da kyau.

Akwai iyaka guda. Idan an gabatar da aikin a matsayin fasaha, mai shi yana da damar juya sauti baya, ko rage saurinsa, ko maimaita shi. Idan kuwa an ce rahoto ne na abin da ya faru, haɗa muryar wani da sautin wani wuri don a nuna abin da bai faru ba ƙarya ce. A bayyana wanne aka yi.

Mataki na 6: Fitarwa da yaɗawa

A fitar da kwafi biyu. Na farko WAV, na ajiya, a sa shi a Google Drive ko katin ma'adana. Na biyu MP3, na rabawa. A 128 kbps, minti 3 bai kai megabayit 3 ba, a 192 kbps kuwa ya ɗan haura 4, kuma ya fi dacewa da sautin ruwa da taro. Kafin a saki, a saurara sau biyu, da iyafis da kuma lasifikar waya, domin da ita mafi yawan mutane za su ji.

A WhatsApp ko Telegram, a tura fayil ɗin a matsayin takarda, wato ta Document, don ya isa yadda yake. SoundCloud da Audiomack suna karɓar sauti zalla. YouTube da TikTok da Facebook suna son hoto, don haka a ɗora sautin a kan hoto guda a CapCut a fitar da shi bidiyo.

Akwai kuma wurare biyu da aka gina domin irin wannan aiki. Freesound, wanda Jami'ar Pompeu Fabra ta Barcelona a ƙasar Sifen ta buɗe a 2005, rumbu ne da mutane ke ɗora sautuka wasu su yi amfani da su. Radio Aporee kuwa taswirar duniya ce da ake liƙa sauti a daidai wurin da aka naɗe shi, yadda mutum a Jamus ko Indiya zai danna kan Wudil ya ji kogin. A Freesound, mai ɗorawa yana zaɓar lasisi: ko ya saki aikin kyauta ba sharaɗi, ko ya ce sai an ambaci sunansa, ko ya hana amfani da shi wajen kasuwanci. A karanta kafin a zaɓa, domin wanda ya riga ya sauke a kan lasisin farko ba a iya ƙwace masa.

A kula da waƙoƙin da ke tashi daga lasifikar masu shaguna da masu tura waƙa. Idan waƙar wani ta fito sarai a cikin aikin, YouTube na iya gano ta ya liƙa wa bidiyon da'awar haƙƙin mallaka, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare mai waƙar. A yanke wurin, ko tun a fili a matsa daga lasifikar.

Kowane aiki ya fita da bayaninsa: sunan wuri, kwanan wata, lokaci, irin wayar da aka yi amfani da ita, da sunan mai naɗa. Bayan shekara 20, wannan ɗan rubutu ne zai mayar da fayil ɗin abin dogaro ga mai bincike.

Aikin gwaji

A zaɓi wuri guda a gari. A yi zaman saurare na minti 10 a rubuta kashi 3. A dawo a naɗo sautin nesa 2 da na kusa 5. A haɗa aikin da bai wuce minti 3 ba, babu kiɗa, babu bayani da baki. Sannan a ba wani ɗan garin iyafis ba tare da an gaya masa komai ba, a tambaye shi inda yake jin an naɗa da kuma wane lokaci ne na rana. Idan ya faɗi daidai, aikin ya yi. Idan ya kasa, a tambaye shi wane sauti ne da ya ji shi da ya gane, a rubuta, a koma a naɗo shi.